Yadda Za Ka Kula da Lambun Ruwa na Cikin Ɗaki Ta Wayarka Idan Kana Yawan Tafiya

Yau za mu yi magana ne a kan noman da ake yi cikin ruwa ba tare da ƙasa ba, wanda ake kira haidurofonik, da yadda mai irin wannan lambu zai bar gida na mako guda ko biyu ya dawo ya tarar da latas ɗinsa da tumatirinsa da ransu. Darasin ya shafi ɗalibin da ke zaune a makaranta, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, da duk wanda aiki ke raba shi da gida. Za mu duba tsarin da ya fi jure rashin mai shi, da lissafin ruwa da wuta, sannan mu haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa turo maka rahoto ta Telegram.

Me ya sa lambun ruwa ba ya son a bar shi?

Wannan noma ba sabo ba ne. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ne ya yaɗa sunansa a shekarar 1937. Hikimar ita ce a narkar da abincin shuka a cikin ruwa, saiwa ta sha kai tsaye. Amfaninsa a fili yake: ba ciyawa, ba huɗa, ruwan da ake kashewa kaɗan ne, kuma ana iya yinsa a lungun ɗaki ko baranda.

Sai dai ƙasa tana yi wa manomi wani aiki da ba ya lura da shi. Tana riƙe danshi da iska da taki, ta yadda ko an kwana biyu ba a yi ban ruwa ba shuka za ta lallaɓa. Da zarar ka cire ƙasa, wannan aikin ya dawo kan famfo da wutar lantarki da kai kanka. Abubuwa huɗu ne ke kashe lambun ruwa idan mai shi ba ya nan: ruwa ya ƙare, famfo ya tsaya, ruwa ya ɗauki zafi, ko taki ya yi kauri fiye da kima. Duk abin da za mu haɗa a wannan darasi, saboda waɗannan huɗun ne.

Mataki na 1: Zaɓi tsarin da ke da haƙuri

Kafin ka sayi ko waya ɗaya, duba irin tsarin da kake da shi, domin ba duka ne ke jure ɗaukewar wuta ba.

Akwai tsarin bututu, wanda aka fi sani da NFT, wanda Allen Cooper ya inganta a Ingila. A nan ruwa kaɗan ne ke gudana a ƙasan bututu yana shafar saiwa. Yana da kyau a hoto, shi ya sa ya cika bidiyoyin YouTube. Amma idan famfo ya tsaya bututun kan tsane nan take, kuma a lokacin zafi sa'o'i kaɗan sun isa ganye ya yi yaushi. Wanda ke yawan tafiya, kuma yake zaune inda ake ɗauke wuta ba sanarwa, wannan tsarin ne ya fi yi masa haɗari.

Akwai tsarin ruwa mai zurfi, inda saiwa ke nutse a cikin bokiti ko baho, ana hura mata iska da ɗan famfon iska irin na gidan kifi. Ko famfon ya tsaya, saiwa na cikin ruwa, don haka tana da lokaci kafin iskar oksijin da ke cikin ruwan ta ƙare.

Na uku shi ne tsarin Kratky, wanda ya samo suna daga Bernard Kratky na Jami'ar Hawai. Wannan ba ya buƙatar famfo ko wuta sam. Za ka cika mazubi da ruwan taki, ka ɗora shuka a murfi. Yayin da shuka ke sha, ruwa na sauka, sai a samu sarari mai danshi tsakanin murfi da ruwa, saiwar sama ta riƙa shaƙar iska daga nan. Kan latas ɗaya kan buƙaci kimanin lita 4 zuwa 6 daga dashe har girbi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: idan ruwa ya sauka kada ka sake cika shi har baki, domin saiwar da ta saba da iska za ta nutse ta ruɓe.

Shawarata ita ce ka yi ganyayyaki irin su latas da na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tsarin Kratky, ka yi tumatir da tattasai da attaruhu a ruwa mai zurfi. Idan kuma ka riga ka kafa bututu, to kada ka tsallake mataki na 3.

Mataki na 2: Lissafa ruwan da lambunka ke sha

Kada ka ɗauki adadi daga intanet, domin lambun wani a Holan ba irin naka ba ne. Ka auna da kanka. Yi alama da maka a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya, ka bar shi kwana uku ba ka ƙara komai ba, sannan ka mayar da ruwan zuwa alamar kana ƙirga lita nawa ka zuba. Raba adadin gida uku, ka samu abin da lambun ke sha a rana.

Misali, a ce ka zuba lita 12. Ke nan lita 4 a rana. Tafiyar kwana 10 na buƙatar lita 40. Ƙara rabin wannan a kai, ya zama lita 60, saboda shuka na girma kullum kuma shanta na ƙaruwa. Ka sake wannan awo duk lokacin da yanayi ya sauya. Iskar hunturu busasshiya ce, tana janye ruwa daga ganye ko da ana sanyi, sannan zafin Maris da Afrilu na iya sa shan ruwan ya ƙaru sosai.

Hanyar ƙara ruwa mafi aminci ba ta buƙatar lantarki. Ka ɗora duro a kan benci ya fi tankin lambu tsayi, ka haɗa su da tiyo, ka sa ƙaramin bawul mai ƙwallo a bakin tiyon, irin wanda ake sa wa tankin ruwa na gida. Ruwa na sauka ƙwallon zai sauka ya buɗe hanya, yana cika ya rufe. Masu sayar da kayan famfo suna da shi.

A cikin duron nan ka zuba ruwa zalla, ko wanda aka sa wa taki kaɗan ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, a lokacin zafi shuka ta fi shan ruwa fiye da yadda take cin taki, sai takin da ya rage ya yi ta kauri. Idan ka ƙara mata da ruwan taki mai ƙarfi, gefen ganye zai fara ƙonewa. Ka rufe tanki da duro ruf, ka naɗe su da abin da haske ba ya ratsawa. Haske na haifar da gansakuka, buɗaɗɗen ruwa kuma gidan sauro ne.

Mataki na 3: Raba wutar lambu gida biyu

Kayan lantarkin lambu iri biyu ne. Akwai waɗanda idan suka tsaya shuka za ta mutu, wato famfon ruwa da famfon iska da na'urar sa ido da na'urar intanet. Akwai kuma fitilun LED, waɗanda idan suka mutu na kwana ɗaya ko biyu shuka za ta rage girma kawai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jona su duka a batir ɗaya.

Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 na ɗauke da wat-awa 1,200. Idan irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata ka ci don kada ya lalace da wuri, wato 600. A ce famfon ruwa na cin wat 10, famfon iska wat 4, na'urar sa ido wat 1, MiFi wat 5. Jimla wat 20. Raba 600 da 20, ka samu awa 30. To amma idan ka ƙara fitila mai wat 100, jimla ta koma 120, batirin ya ƙare cikin awa 5. Saboda haka fitila ta zauna a layin NEPA, sauran su zauna a batir. Idan da hali ka matsar da lambun kusa da taga, hasken rana ya rage wa fitila aiki. Farantin sola mai wat 100 tare da na'urar daidaita caji zai iya mayar wa batirin abin da waɗannan ƙananan kaya suka ci a yini.

Ka sayi famfunan da ke aiki da bolt 12 kai tsaye. Ba sa buƙatar inbata, wadda ita ma tana cin nata rabon wutar, kuma bolt 12 kusa da ruwa ya fi bolt 230 sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Ka sa fis a wayar da ta fito daga batir, kusa da kansa. Duk soket ɗin wutar NEPA ya kasance sama da tsayin tanki, kuma ka bar wayar ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, ta yadda ɗigon ruwa zai bi ta ya faɗi ƙasa. Famfon iska shi ma a ajiye shi sama da ruwa, ko a sa wa tiyonsa bawul mai hana komowa, don idan ya tsaya ruwa na iya biyo tiyo ya shiga cikinsa.

Game da kunna fitila da kashe ta, latas na son haske kamar awa 14 zuwa 16 a rana. Agogon soket mai juyawa yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, don haka bayan kwana uku sai ka ga yana kunna fitila tsakar dare. Ka nemi mai allo wanda ke da ƙaramin batir a ciki, ko ka yi amfani da makunni irin na Sonoff da manhajar eWeLink. A cikin saitinsa akwai wurin zaɓar halin da zai koma idan wuta ta dawo, kada ka manta ka saita shi.

Mataki na 4: Kayan haɗa na'urar sa ido

Ƙwaƙwalwar aikin ita ce ESP32, ɗan allo da kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016. Yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma ana rubuta masa umarni da manhajar Arduino IDE, wadda kyauta ce. Ga abin da za ka haɗa masa:

1. DS18B20 mai rufin ƙarfe, don auna zafin ruwa. Yana buƙatar rezista mai 4.7k tsakanin wayar saƙo da wayar bolt 3.3. Idan babu ita ba zai ba da karatu ba.
2. DHT22, don auna zafin ɗaki da danshin iska. Kada a tambaye shi fiye da sau ɗaya a daƙiƙa 2.
3. JSN-SR04T, don auna tsayin ruwa. Yana tura sauti ya jira amsa-kuwwa, sai a raba lokacin da 58 a samu nisa a santimita. Ba ya ganin abin da ya matso kusa da shi ƙasa da kimanin santimita 25, don haka a ɗaga shi sama da ruwa. Ɗan'uwansa HC-SR04 ya fi araha amma tururin tanki na lalata shi.
4. Makunni mai yawo a ruwa, a ɗaura shi can ƙasa a matsayin shaida ta biyu cewa ruwa ya kusa ƙarewa.
5. YF-S201, wanda ake sa wa a tiyo don tabbatar da ruwa na gudana. Famfo na iya yin ƙara alhali saiwa ta toshe bakinsa.
6. Rile mai hanya biyu, don kunna famfo da fanka.
7. LM2596, don sauko da bolt 12 zuwa 5.
8. Rezista biyu, 100k da 22k, don auna ƙarfin batir.
9. DS3231, ƙaramin agogo mai batirin kansa, don na'urar ta san lokaci ko babu intanet.

Abubuwa uku za ka kiyaye wajen haɗawa. Na farko, ƙafafun ESP32 bolt 3.3 suke ɗauka. Duk na'urar da ke mayar da saƙo a bolt 5, sai ka rage shi da rezista biyu kafin ya shiga. Na biyu, idan Wi-Fi na aiki, rukunin ƙafafun da ake kira ADC2 ba sa auna komai. Ka jona awon batir a ɗaya daga ƙafafun 32 zuwa 39. Mutane da yawa kan kwana suna neman kuskure a rubutunsu alhali matsalar ƙafa ce. Na uku, ESP32 na kama Wi-Fi mai 2.4GHz ne kawai, don haka ka duba saitin MiFi ɗinka.

Sai wata dabara da ta fi duk sauran muhimmanci. A bakin rile za ka ga rubutu uku: COM, NO da NC. Ka jona famfo tsakanin COM da NC. Ma'anar haka ita ce, idan rile ba ya samun umarni, hanyar a haɗe take. Ko ESP32 ta ƙone ko ta sandare, famfo zai ci gaba da aiki. Idan ka jona a NO, mutuwar na'ura mutuwar lambu ce.

Mataki na 5: Buɗe bot a Telegram

Shiga Telegram ka nemi BotFather, ka tabbatar mai shuɗiyar alamar tantancewa ne. Tura masa /newbot, ka ba bot ɗinka suna, zai ba ka wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa. Wannan ita ce mabuɗin bot ɗin. Duk wanda ya same ta zai iya sarrafa shi, don haka kada ta fito a hoton allo da za ka tura wa abokai ko ka ɗora a GitHub.

A Arduino IDE ka sauke laburaren UniversalTelegramBot, da OneWire da DallasTemperature na awon zafin ruwa, da laburaren DHT. Kowannensu na zuwa da misalai da za ka buɗe ka gyara. Ka nemo lambar asusunka ta Telegram, ka sa sharaɗi a rubutun cewa duk saƙon da bai fito daga wannan lamba ba a yi watsi da shi. Bot a buɗe yake ga duk wanda ya san sunansa, kuma ba ka son baƙo ya kashe maka famfo.

Umarnin da za ka ƙirƙira ba sai da Turanci ba. Ni nawa haka suke: /yanayi ya turo duk awo, /ruwa ya faɗi santimita nawa suka rage, /batir ya faɗi ƙarfin batir, /fanka ya kunna ko ya kashe fanka. Idan kana son ganin yadda awon ke hawa da sauka a zane, buɗe asusun kyauta a ThingSpeak na kamfanin MathWorks. Yana karɓar saƙo duk bayan daƙiƙa 15, amma lambu ba ya buƙatar wannan gaggawa, sau ɗaya a minti 10 ya wadatar.

Mataki na 6: Dokokin da za ka rubuta wa na'urar

Wanda bai san abin da yake aunawa ba, lambobi ba za su amfane shi ba. Zafin ruwan da saiwa ta fi so yana tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa mai digiri 20 na riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7.5, a daidai lokacin da saiwa ta fi buƙatarsa. Ruwan ɗumi kuma shi ne inda cutar Pythium mai ruɓar da saiwa ke bunƙasa. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ciwo kuwa takan koma ruwan ƙasa, ta yi santsi da wari. A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40, wannan ita ce babbar jarabawa. Babban tanki ya fi ƙarami jinkirin ɗaukar zafi. Ka ajiye shi a ƙasa kan siminti, nesa da bangon da rana ke duka, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko soso.

Ga dokokin da nake ba da shawara:

1. Idan zafin ruwa ya haura 28, a kunna fankar da ke hura saman ruwa, a turo saƙo. Ka tuna fanka na sa ruwa saurin ƙarewa.
2. Idan ruwa ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, a turo saƙo.
3. Idan makunni mai yawo ya nuna tanki ya kusa bushewa, a kashe famfon ruwa don kada ya ƙone, a bar na iska.
4. Idan famfo na kunne amma minti 2 babu gudun ruwa a tiyo, a turo saƙon gaggawa.
5. Idan batirin dalma ya sauka zuwa wajen bolt 12.1, a kashe fanka a bar famfuna, a turo saƙo.
6. Kowace safiya da yamma a turo cikakken rahoto, ko babu matsala.

Kada na'ura ta yanke hukunci da awo ɗaya. Ta auna sau biyar, ta jera su, ta ɗauki na tsakiya, domin igiyar ruwa ko ƙwaro na iya rikita awo guda. Ka kuma bar tazara tsakanin kunnawa da kashewa: fanka ta kunnu a 28 ta mutu a 26, in ba haka ba rile zai yi ta ƙyas-ƙyas a bakin iyaka har ya gaji. Sannan matsala ɗaya kada ta turo saƙo fiye da sau ɗaya a awa. Wayar da ke ƙara sau ɗari a dare, mai ita kashe sautinta zai yi.

Mafi girman doka ita ce, duk waɗannan hukunce-hukunce su gudana a cikin ESP32 kanta, ba tare da jiran intanet ba. Sabis na iya ɗaukewa yini guda. Ka rubuta yadda za ta riƙa gwada komawa Wi-Fi ba tare da ta dakatar da sauran aiki ba, kuma ka kunna mai gadin cikinta, wato agogon da ke sake tayar da ita idan ta sandare.

Mataki na 7: Wa zai faɗa maka idan na'urar kanta ta mutu?

Na'urar da ta mutu ba za ta turo saƙo ta ce ta mutu ba. Kai kuma za ka ga shiru ka ɗauka lafiya. Maganin wannan shi ne shafi irin Healthchecks.io, wanda ke da tsarin kyauta. Zai ba ka wani adireshi, ka sa ESP32 ta riƙa taɓa shi duk minti 10. Idan lokacin da ka ƙayyade ya wuce bai ji daga gare ta ba, shi ne zai turo maka saƙo ta Telegram ko imel.

Ka tabbatar layin da ke cikin MiFi na da datar wata guda kafin ka tafi. Saƙonnin rubutu ba sa cin komai, bidiyo ne ke shanye data. Idan unguwarku sabis na wahala, akwai SIM800L da ke tura saƙon tes ta 2G. Yana aiki da bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma yakan zuƙi har amfiya 2 lokacin turawa, don haka sai an ba shi tasa hanyar wutar daban.

Tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa za ta iya zama idonka. Sa mata manhaja irin Alfred Camera, ka kafa ta tana kallon ganye da alamar ruwa a jikin duro. Hoto ɗaya zai nuna maka yaushi ko ƙwari da babu na'urar da za ta auna. Sai dai batirin tsohuwar waya na iya kumbura idan yana kan caji dare da rana cikin zafi. Ka sa cajar a agogon soket, kuma wayar da batirinta ya riga ya taso kada ka bar ta a jone a gidan da ba kowa.

Maganar taki da tsamin ruwa

Ma'aunin pH na nuna tsamin ruwa, kuma yawancin kayan lambu na son ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya haura, sinadarin ƙarfe ba ya shiga saiwa, sai sababbin ganye su fito rawaya. Ma'aunin EC kuma na nuna kaurin taki: latas na wadatuwa da wajen 1.2 zuwa 1.8, tumatir mai 'ya'ya na son 2 zuwa 3.5. Takin gona na NPK 15-15-15 da yuriya ba su dace da wannan noma ba, domin ba su ƙunshi duk ƙananan sinadaran da shuka ke samu daga ƙasa ba. Ka nemi takin noman ruwa mai kashi A da B, kuma kada ka haɗa su suna da kauri, domin za su dunƙule su kwanta a ƙasa. Zuba A cikin ruwa ka motsa, sannan B.

Za ka ga masu haɗa ƙananan famfuna da ke ɗiga maganin daidaita pH da kansu. Ban ba mai farawa shawarar barin wannan yana aiki alhali ba ya gida ba. Sandar auna pH mai araha takan kauce daga daidai a hankali, sai an riƙa saita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7. Idan ta yi ƙarya, famfon zai yi ta zuba asid har ya ƙone saiwa. A babban tanki pH ba ya gudu da sauri. Ka daidaita shi da hannu zuwa wajen 5.8 kafin ka fita, ka duba idan ka dawo.

Kwana uku kafin tafiya

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka haɗa na'ura yau ka hau mota gobe. Ka bar ta ta yi aiki aƙalla mako guda kana gida, kana yi mata tarko. Cire wutar NEPA ka ga ko famfuna sun ci gaba. Kashe MiFi na awa ɗaya ka ga ko Healthchecks ya yi magana, kuma ko ESP32 ta koma da kanta. Matse tiyo da hannu ka jira saƙon gaggawa. Tsoma DS18B20 a kofin ruwan ɗumi ka ga ko fanka ta tashi. Zare ESP32 gaba ɗaya ka tabbatar famfo bai tsaya ba.

Idan saura kwana uku, canja ruwan tanki, ka sa taki ya ɗan gaza yadda ka saba, ka wanke matatar famfo. Ana yin haka da wuri ne don idan wani abu zai ɓaci ya ɓaci kana nan. Girbe duk ganyen da ya isa, ka rage wa tumatir rassan ƙasa, domin raguwar ganye raguwar shan ruwa ce. Duba bayan ganye ko akwai farin ƙuda ko ƙwarin da ke tsotsa. Ɗaure bakin kowane tiyo da kyau, kuma ka ajiye faranti ko leda mai kauri a ƙarƙashin tanki saboda yoyo.

Daga ƙarshe, ka bar mabuɗi a hannun mutum. Na'ura za ta faɗa maka ruwa ya ƙare, amma ba za ta ɗauki jarka ba. Ka nuna wa ƙaninka ko maƙwabcinka abubuwa biyu ko uku kawai: inda ake zuba ruwa, alamar da ba a wucewa, da famfon ajiya da zai musanya idan na farko ya mutu. Rubuta su a takarda ka manna a bango, ka lika lamba a jikin kowace waya da tiyo, ta yadda idan ka kira shi za ka ce masa ya cire lamba 2 ya sa lamba 5. Ka ware masa nasa kason latas idan an girbe.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai lokaci ɗaya ba, ya fara da duro da bawul mai ƙwallo, sai batir da famfon bolt 12, sai ESP32 da ma'aunin zafi da na tsayin ruwa. Sauran su biyo baya a hankali. A darasi na gaba in sha Allahu za mu buɗe Arduino IDE mu rubuta umarnin /yanayi layi bayan layi, don haka wanda zai bi mu ya tanadi ESP32 da DS18B20 da rezista mai 4.7k.